Ɓaunayen Dutse na Kwarin Sansami

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya shimfiɗa ƙasa kamar tabarma, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba mai ƙafa hanya, ya ba mai harshe labari. Jama'a, ku matso ku gyara zama. Ni ne Arzika ɗan Nomau, mutumin Tudun Marke, wanda ƙaiƙayin ƙafa da kwaɗayin sani suka raba da gida tun gemu bai gama fito masa ba. Na keta dajin da itatuwansa ke ƙaura da rani, na sha ruwan rijiyar da ke amsa sallama, amma ban taɓa haɗa ido da mutuwa ba sai a tafiyar da zan ba ku labarinta yau.

A wani zango na ji fatake suna zancen Farin Daɓe, wani fili na gishiri zalla da ba a san iyakarsa ba. Suka ce a tsakiyarsa akwai sawu biyu na keken shanun wani ƙato daga mutanen farko, kuma a inda sawun suka haɗu, wurin da ake kira Mahaɗa, akwai malamin da tambaya ba ta taɓa gagararsa ba. Ai ban bari sun kai aya ba. Na cika salkata da ruwa, na ɗaure guzuri, na kama hanya.

Kai, Farin Daɓe! Fari fat, ba tudu ba gangare, ba ko tsinke. Na tarar da sawun kamar yadda aka faɗa, ramuka biyu dogaye, zurfin kowanne ya kai gwiwa, miƙe sambal kamar zaren masaƙi. Na tsaya a tsakaninsu na duba gaba, sai na ga suna ta matsowa kusa da juna har suka haɗe can a bakin sama. Na daka tsalle na yi ihu, "Ga Mahaɗa can! Ashe ma kusa ce!" Na zuba da gudu. Na yi gudu har na gaji na koma tafiya, rana ta faɗi ta fito ta sake faɗuwa, Mahaɗa tana nan inda take.

Ina cikin haka na hango wani baƙin abu a gaba. Da na isa sai na ga tsohuwa ce, doguwa, siririya kamar kara, zaune kan kantun gishiri tana tauna goro.

Na ce, "Salamu alaikum, Goggo."

Ta ce, "Wa alaikumus salam. Kai ma Mahaɗar ce ta kira ka? Zauna ka huta, ɗan nan. Tun kafin raƙumina ya mutu nake bin ta, ko sau ɗaya ba ta jira ni ba."

Sunanta Tabawa, fataucin gishiri ne sana'arta. Da raƙumin ya mutu ta ɗauko salka da igiya, da kantun nan guda da ta ce kyansa ya wuce a bar shi a ƙasa. Na tambaye ta abin da ya fito da mai shekarunta wannan fili, sai ta tofar da goron.

Ta ce, "Garinmu Sansami kwari ne, gidaje a yamma, kasuwa a gabas. Wata ranar kasuwa ƙasa ta girgiza, dutsen arewa ya tsage, sai ga ɓaunaye suna fitowa. Na dutse ne, baƙaƙe, kowanne ya kai rumbu. Suka zubo ta tsakiyar kwarin a guje, suka shige wani kogo a kudu, kuma daga ranar ba su yanke ba. Ba hanyar zagayawa, don duwatsun ko akuya ba ta hawa. 'Yata Kyauta ta tafi sayen daddawa da tsohon ciki. Tana can, ina nan. Shekaru ke nan ba abin da nake gani sai ƙura. Shi ya sa nake neman malamin nan, ko ya san abin da ke tsayar da dutse."

Muka ci gaba tare. Kullum in rana ta take, sai mu kafa sandunanmu, ɗaya a bakin wannan sawun, ɗaya a bakin wancan, mu ɗaura igiya a tsakani, mu yafa zanenta mu fake a inuwa. Muka fara wuce ƙasusuwan mutane, duk kawunansu na fuskantar gaba. Ruwa ya soma ƙasa a salkuna.

Wata rana ina ɗaura igiyar sai hannuna ya tsaya.

Na ce, "Goggo, tun da muka haɗu kin taɓa sauya ƙullin nan?"

"Don me zan sauya? Ai daidai yake."

"To ai shi ne abin! Da a ce sawun nan matsowa suke yi, da yanzu igiyar ta saki tana jan ƙasa. Ratar jiya ita ce ta yau!"

Ta dubi igiyar. Can sai ta juya baya, ta kama kafaɗata ta ce, "Arzika, waiwaya."

Na waiwaya. Wallahi jama'a, a bayanmu ma sawun sun haɗe a bakin sama!

Ta ce, "Daga can muka fito. Ka ga wata mahaɗa a can?"

Muka dubi juna, sai dariya ta ƙwace mana, irin dariyar da ke zuwa da hawaye. Ashe ido ne ke mana wasa, shi ya ja masu ƙasusuwan nan har suka faɗi.

Saura fita. Da hantsi akan hango wani shuɗin zare a hannun dama, jerin duwatsu ne da ke tafiya tare da sawun. Na nuna wata ƙololuwa can gaba a karkace na ce mu nufe ta. Goggo ta girgiza salkarta, muka ji ɗan ruwan da ya rage yana kuka.

Ta ce, "Wannan ba zai kai mu yawo ba. Mai son fita daga rafi ba ya bin rafi, ƙetarawa yake."

Ta shimfiɗa zanenta, ta daidaita bakinsa da bakin sawun, sannan ta ninka shi har bakin ya kwanta a kan kansa, ta danne da tafin hannu. Da ta buɗe, sai ga karin ninkin ya fito yana nuna duwatsun kai tsaye, bai jingina gaba ba bai jingina baya ba. Muka bi inda ya nuna. Ina jan sandata a ƙasa tana zana layi, muna waiwayawa muna duba ko ya lanƙwasa. Maƙogwaro ya bushe, leɓe ya tsage, amma ɗigon ƙarshe na salka bai gama bushewa a harshenmu ba sai da ƙafarmu ta taka ciyawa.

A bayan duwatsun muka tarar da abin da ya sa na manta ƙishirwa. Wani tsauni ne ya sunkuyo kan wani tafki mai kwanciya lumui, kuma a ƙarƙashin sunkuyon gari guda ke reto. Gidaje, rumbuna, masallaci, har majema, duk a rataye da igiyoyi masu kaurin cinya. Sunan garin Rataye. Mutanensa suka ba mu ruwa da fura, suka kai mu wurin Sarkin Igiya, wani dattijo mai suna Malam Cindo.

Da muka ba shi labarin sawun, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Ya ce, "Kun tsira daga abin da ya ci jarumai. Layi biyu da ke tafiya daura da juna, ratarsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, mu 'yan daura muke ce musu. Ko za su yi tafiya har tashin duniya ba za su gaisa ba. Dubi igiyoyin gidajenmu, ka ga wadda ta harɗe da 'yar'uwarta? Yanzu kuma dubi yadda igiyar guga ke sauka kan fuskar tafki. Ba ta jingina nan ba, ba ta jingina can ba, kusurwar dama da ta hagu daidai wa daida. Wannan shi ne gicciye cak, shi Hajiya ta fitar muku da zanenta. Sai dai zane gajere ne, iska kuma takan ruɗe shi. Zo ka ga namu."

Ya ja layi a daɓe ya kafa tsinke a kai. Ya auna kamu biyu dama ya kafa turke, ya auna kamu biyu hagu ya kafa wani. Ya ninka igiya biyu ya ƙulla tsakiyarta, ya ɗaura kowane baki a turke guda, sannan ya ja ƙullin har ɓangarorin biyu suka miƙe tsam. Ya ce, "Daga tsinken zuwa ƙullin, ga gicciyenka." Na karɓa na gwada, na sake gwadawa, ina ta murna kamar an yi mini kyautar doki.

Goggo Tabawa kuwa ba ta yi murna ba. Ta ce, "Malam, na gode da karatu. Amma ɓaunayen fa? Me ke tsayar da su?"

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban sani ba."

Ta ɗora kantunta a ka. Malam Cindo ya ba ni igiyar da turakun, ya sa aka zaunar da mu a wani babban kwando don a saukar da mu bakin tafki, inda hanyar Sansami ta fara.

Mun kai rabi ke nan sai rana ta dushe. Na ɗaga kai, sai ga mikiya, fiffikenta ɗaya ya isa rufin soro! Na ji mutanen Rataye suna kururuwa a sama. Ta kawo sura, ta datse igiyar da ke riƙe da mu da baki kamar mai yanke zaren ɗinki, ta cafe kwandon da farata ta yi sama da mu. Tafkin ya koma kamar ƙwarya, garin kamar sheƙar tsuntsu. Goggo ta rungume kantunta tana salati, ni kuwa na ƙanƙame bakin kwando iska tana neman cire mini kunnuwa.

Muna cikin wannan hali na ji wani rugugi daga ƙasa kamar aradu ba hutawa. Na leƙa. Kwari ne mai faɗi, ƙura ta lulluɓe shi, amma daga sama ana ganin abin da ke cikin ƙurar.

Na yi ihu, "Goggo, leƙo! Leƙo ki gani!"

"Ka bar ni in mutu da idona a rufe!"

"Sansami ce! Ɓaunayen ba a warwatse suke gudu ba, layi-layi suke! Kowane layi da turbarsa, kuma tsakanin turba da turba akwai ciyawa kore shar da kofato bai taɓa ba. 'Yan daura ne, Goggo! Ba sa shiga hanyar juna!"

Ta buɗe ido ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga kai ta dubi mikiyar, wadda tun ɗazu take sunkuyo da kai tana lasar gefen kantun.

Ta ce, "Au, ashe ba mu kike so ba, gishiri kike so? 'Yar banza, da kin faɗa!"

Ta jira har muka zo kan wani tudu mai yashi a yammacin kwarin, ta ɗaga kantun nan ta jefa. Mikiyar ta bi shi kamar kibiya. Tana dab da ƙasa ta saki kwandon don ta cafe gishirin, muka faɗa kan yashi muka gangara kamar kabewa. Na tashi da yashi a baki, Goggo ta tashi tana zagin tsuntsuwar da ta cinye mata kantu.

Mutanen yammacin Sansami suka taru a kanmu. A cikinsu akwai wani mutum mai ɗingishi da ya durƙusa gaban Goggo ya kasa ɗaga ido. Mantau ke nan, mijin Kyauta. Da na faɗa musu abin da na gani, aka yi ta girgiza kai.

Mantau ya ce, "Malam, na gwada. Sukan zo gungu-gungu, sai a sami ɗan sarari. Na ga sarari na faɗa, da na ji na baya yana tahowa sai na karkata ina guje masa. Ga abin da na samu." Ya nuna ƙafarsa.

Na ce, "A turba ɗaya ka daɗe, don ka bi ta a karkace. Faɗinta bai fi tsawon ɗaki ba in an gicciye ta cak."

Goggo ta ɗaure zanenta tamau ta ce, "A ba mu kara. Ni na gaji da kallon ƙura."

Aka kawo ɗan ƙaramin damin kara na goya a baya. Muka gangara bakin turbar farko. Jama'a, rugugin nan a ƙirji ake jin sa. Ƙasa na rawa, ƙura ba ta bari ka ga tsallake, sai dai baƙaƙen inuwoyi suna wucewa fuu, tartsatsi na tashi daga kofatansu. Na durƙusa na kafa tsinke a bakin turbar, turke dama, turke hagu, na ja ƙullin igiya ta baya, na kwantar da kara daga ƙullin zuwa tsinken na danne shi da duwatsu. Muka tsaya a kansa, fuska na kallon inda ya nuna. Gungu ya wuce. Sararin bai fi mutum ya yi atishawa ya ce alhamdulillahi ba.

Goggo ta ce, "Yanzu!"

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Kafin in san inda nake sai na ji ciyawa mai sanyi a tafin ƙafata, iskar gungu na gaba ta daki bayana. Muka faɗi muna haki muna dariya. Ciyawar ba ta fi faɗin tabarma ba, ɓaunaye a gaba, ɓaunaye a baya, amma ko ƙaho ɗaya bai leƙo ba.

Haka muka yi ta yi, awo, kara, jira, gudu. A wani wuri ƙurar ta ɗan yaye, Goggo ta hango karan da muka bari a baya, ta ce cikin ihu, "Arzika, duba! Duk waje ɗaya suke nunawa! In ka gicciye guda cak, ka gicciye 'yan'uwansa duka!"

A turbar tsakiya ce na kusa halaka. Ta fi sauran zurfi, ƙurarta ta fi duhu. Mun faɗa ke nan sai na yi kuskuren duban hagu. Na ga kan ɓauna, ƙahonsa kamar reshen kuka, idanunsa ramuka ne ba komai a ciki. Zuciyata ta ce in tafi gaba, ƙafata ta ƙi, ta karkata dama tana gudun abin. Na yi taki biyu cikin turbar, sai na ji an damƙi damin karan da ke bayana an fizge ni da ƙarfin da ban san tsohuwa na da shi ba. Muka zube kan ciyawa. Ƙahon ya tafi da rabin rigata, ya bar mini zane a haƙarƙari wanda har yau yake nan.

Ta kama kunnena ta murɗa. "Kai ka faɗa wa Mantau, kai kuma za ka yi abin Mantau? Gabanka za ka duba!"

Daga nan ban ƙara duban hagu ba.

Da muka tsallake ta ƙarshe muka fito daga ƙurar, sai ga kasuwa ta zama gari, rumfuna sun zama ɗakuna. Wata mata da ke shanya kuɓewa ta gan mu ta saki faifai ta kwarma ihu. Mutane suka fito a guje, kowa na tambayar nasa. "Tsohona yana da rai?" "Ina labarin 'ya'yana?" Goggo ba ta ji ko ɗaya ba. Ta kutsa cikin taron har ta tsaya gaban wata mata mai tulu a ka, wadda wata yarinya ke riƙe da bakin zanenta.

Tulun ya faɗi ya fashe. Matar ta ce, "Inna?"

Goggo ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ta nan ta juya ta can. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Kin rame. Me kike ci a nan?" Sai suka rungume juna suka zube ƙasa, yarinyar na tsaye tana tambaya wace ce wannan tsohuwa mai ƙura a ka.

Ana cikin koke-koke sai wani ya nuna bayanmu ya ce, "Ga wani kuma!"

Muka juya. Wata inuwa ce ke fitowa daga ƙurar, tana tafe tana jan ƙafa. Mantau ne. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya riƙe masa hannu. Karan da muka bari ya bi ɗaya bayan ɗaya, da ƙafar nan tasa guda da rabi. Ya iso ya tsaya yana haki, ya dubi Kyauta, ya dubi yarinyar da bai taɓa gani ba.

Kyauta ta share hawaye, ta tura yarinyar gaba a hankali ta ce, "Je ki gaida babanki."

Na zauna a Sansami har damina ta wuce, muna kafa fararen duwatsu a kan kowace ciyawa, har ta kai mata na ƙetarawa da tallan fura ba ta zube ba. Ɓaunayen kuwa suna nan suna gudunsu, ba wanda ya tsayar da su. Ranar da zan tafi Goggo Tabawa ta ɗinke mini rigata, ta ce in na ƙara yaga ta kada in dawo mata.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a wannan tafiya. Wanda ya saurara Allah ya ba shi lada, wanda ya yi gyangyaɗi maƙwabcinsa ya ba shi labari.